Mu Gani a Ƙasa

Ranar Talatar ƙarshen kowane wata nakan kai mahaifiyata asibiti a duba mata hawan jini da ciwon gwiwa. Ni nake tuƙawa, in sauke ta a bakin ƙofa, in tafi neman wurin ajiye mota. A watan da ya wuce motar ta kwana a wurin bakanike, sai muka hau Adaidaita Sahu. Ɗan sahun ya sauke mu a tsallaken asibitin, ya ce wurin juyawa yana can gaba, shi kuma ba can ya nufa ba. Ga ƙofar muna kallonta, har maigadin nake hangowa yana shan rake. Abin da ya raba mu da ita titi ne mai layi uku a kowane hannu, da siririn dakalin siminti a tsakiya.

Muka tsaya. Mota ta wuce, tifa ta wuce, 'yan sahu suka biyo a jere kamar kwarkwasa. Duk sanda na ga sarari na ce "Umma, taho," kafin ta ɗaga ƙafa ta biyu sararin ya rufe. Can sai na nuna mata gadar masu tafiya a ƙasa da ke gaba da mu, na ce ko mu ƙarasa mu hau. Ta dubi matattakalar, ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, in da zan iya hawa wancan, me zai kawo ni asibiti?"

Wani yaro mai tallan ruwan leda ne ya fitar da mu, bai fi shekara goma sha biyu ba. Da robarsa a ka ya faɗa titi ya ɗaga hannu, motoci suka yi ta zuba masa oda, muka bi bayansa. A kan dakalin tsakiya, wanda bai kai faɗin darduma ba, muka maƙale. Tirela ta wuce, iskarta ta ɗage wa Umma mayafi. Wani mai mota ya sauke gilashi ya ce, "Hajiya, ba kwa ganin gada ne?" Da muka isa ƙofa hannunta yana rawa a cikin nawa. Na ce wannan wace irin masifa ce. Ta ce, "Ai haka muke yi ni da ƙanwarka duk ranar da ka yi tafiya." Da aka auna jininta ya hau, aka ce mu zauna ya sauka a sake awo.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma akwai ƙa'idar da duk wanda ya daɗe a aikin ya koya da wuya. Idan mutum ɗaya ya danna inda bai kamata ba, wataƙila shi ne bai lura ba. Idan mutum dubu suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to kai da ka tsara shafin ne mai laifi, ka koma ka gyara. Ba a rubuta wa mutum dubu wasiƙar faɗa. Duk kamfanin da ya ce masu amfani da manhajarsa ne jahilai, ba zai kai baɗi ba. To a titunan Kano kullum ta Allah dubban mutane suna tsallakawa a inda aka ce kada su tsallaka, suna tafiya a kan kwalta maimakon gefen titi, kuma hukuncin da muke yankewa shi ne mutanenmu ba su da tarbiyya. Ni ma da bakina na sha faɗar haka daga bayan sitiyari. Na janye.

Mu yi lissafin da aka ɗora wa mahaifiyata ta yi da ka a bakin titin nan. Layi ɗaya na mota yakan kai mita 3.5, layi uku mita 10.5 ke nan, kafin a isa tsakiya. Da muka koma gida na auna tafiyarta a tsakar gida da agogon waya: mita 10 a sakan 13. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Ma'ana, kafin Umma ta tsallake rabin titi lafiya, sai ta samu sararin da ya wuce mita 200 babu abin hawa a layukan nan uku gaba ɗaya, sannan ta sake samun irinsa a ɗaya rabin. Wanda ya san Titin Zariya ko Titin Katsina da ƙarfe tara na safe ya faɗa mini sau nawa ake samun wannan sarari. Ba a samu. Don haka abin da ya rage wa tsohuwa shi ne ta shiga gaban mota ta yi fatan direban ya gan ta, kuma yana da birki, kuma ba waya yake dannawa ba.

Gudun nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. In aka ninka gudun mota sau biyu, nisan da za ta ci kafin birki ya tsayar da ita yana ninkuwa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mutumin da mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a tituna duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Tsakanin shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi titi kashe ɗan Adam a duniya. Wato yaron nan mai ruwan leda yana tsaye ne a bakin abin da ya fi komai kashe sa'o'insa, yana ba da hannu kyauta.

Ta yaya aka yi titi ya zama haka? Amsar tana cikin abin da ake ƙirgawa. A aikinmu, abin da ba ka ware masa gurbi a rumbun bayanai ba, manhaja ba ta san da zamansa a duniya ba. Masu tsara titi suna da ma'aunin da suke mayar da kowane abin hawa zuwa kwatankwacin ƙaramar mota: babbar mota daidai da ƙananan motoci biyu ko uku, babur ƙasa da mota ɗaya. Mai tafiya da ƙafa ba ya cikin wannan ma'auni. A shekarar 1958 wani masani a Ingila mai suna F. V. Webster ya fitar da lissafin tsara lokacin danja wanda har gobe ake koyar da shi a jami'o'i, kuma abin da lissafin ke ƙoƙarin ragewa shi ne jinkirin motoci. Ba na zargin mutumin, tambayar da aka yi masa ya amsa. Amma idan minti ɗaya na mai mota yana da gurbi a takarda, minti goma na tsohuwa a rana kuwa babu, kowa ya san wanda zai ci riba a ƙarshen lissafi.

Shi kansa ra'ayin cewa titi na mota ne, mai ƙafa baƙo ne, ƙirƙirarsa aka yi, kuma an san waɗanda suka ƙirƙira. A Amurka a shekarun 1920, da motoci suka fara kashe yara a birane, jama'a direba suke ɗora wa laifi. A birnin Cincinnati a 1923 mutum dubu 42 suka sa hannu a takardar neman a saka wa kowace mota na'urar da za ta hana ta wuce gudun mil 25 a awa. Dillalan motoci suka tashi tsaye suka kayar da ƙudurin, daga nan kuma masu harkar mota suka yaɗa wata kalmar ba'a mai nuna cewa duk wanda ya tsallaka titi a inda ya ga dama baƙauye ne. Masanin tarihi Peter Norton ya bi diddigin wannan labari. Mutumin da ya sauke gilashi ya yi wa mahaifiyata magana bai san cewa tallan dillalan mota na shekara ɗari yake maimaitawa ba. Su kuwa can sun fara janye jiki: jihar Kalifoniya ta sassauta dokar a 2023, birnin Niyok ya soke laifin a 2024. A Legas har yanzu kama mutane ake yi a gurfanar da su don sun tsallaka babban titi ba su hau gada ba.

Mu dawo gida. Shekara goma sha wani abu ke nan Kano tana gasar gada. Gwamnatin Kwankwaso ta yi ta Ƙofar Nassarawa da ta ƙarƙashin ƙasa a Kabuga. Ta Ganduje ta yi ta Dangi da ta Hotoro, ta ƙarasa doguwar nan ta Sabon Gari. Ta Abba Kabir Yusuf ta ɗauko Tal'udu da Ɗan Agundi. Jar hula da wadda ba ja ba sun saɓa a kan komai, har da masarauta, amma a kan wannan bakinsu ɗaya: ci gaba shi ne mota ta wuce ba ta tsaya ba. Ba zan ce gadojin ba su da amfani ba, ni ma ina bi ina jin daɗi. Sai dai a lura da abin da gada ke yi wa wanda ke ƙasa. Mahaɗar da a da cunkoso kan tilasta wa mota ta rage gudu har mutum ya ratsa, yanzu mota tana saukowa daga sama da gudun babbar hanya ta faɗo tsakiyar kasuwa. An cire wa direba dalilin taka birki, ba a ba mai ƙafa komai a madadinsa ba. An ce wa kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Mafi yawan mutanen birnin nan ba su da mota, kuma a ƙasa suke jiran nasu rabon.

Za a ce ai an yi musu tasu gadar. Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai, don tana kama da alheri. Gadar tsallaka titi dole ta yi tsawon da tirela mai lodi za ta wuce ta ƙarƙashinta, wato wajen mita 6 kafin ka taka samanta. Matattakala talatin da wani abu ke nan a hawa, talatin da wani abu a sauka, kwatankwacin bene mai hawa biyu. In aka ce a yi mata gangara don keken guragu, ƙa'idar da aka saba ita ce mita 12 na tsawo ga kowace mita ɗaya ta hawa, wato sama da mita 70 a kowane gefe. Tsallakawar da ba ta kai mita 25 ba ta koma tafiyar da ta haura mita 160, bayan tafiyar zuwa gindin gadar da ta dawowa inda kake so. A ranar Afrilu, da zafi ya haura 40. Wa zai hau? Ba mai juna biyu ba, ba mai goyo da jan wani a hannu ba, ba makaho da ɗan jagora ba, ba mai baro ba, ba ɗan ga-ruwa da kurarsa ba, ba wadda ta fito daga ɗakin ƙashi ba. Saurayi mai ƙarfi ne kawai zai iya, shi kuwa da gudu yake tsallakawa ta ƙasa. Da dare kuma mace mai hankali ba za ta hau wurin da ba fitila, ba mafita sai biyu, a garin da ake ƙwacen waya ba.

Aikin gadar nan na gaskiya shi ne ta ɗauke mutane daga gaban mota don kada mota ta rage gudu, sannan ta ɗauke laifi daga wuyan wanda ya tsara titin ta rataya a wuyan wanda aka buge. Da zarar an gina ta, duk wanda ya mutu a ƙarƙashinta shi ya jawo wa kansa. A Meksiko masu fafutuka sun sa mata suna gadar ƙin masu ƙafa, kuma birane a can sun fara rushe wasu suna mayar da tsallakawa ƙasa. Akwai inda take da hujja, kamar kan layin dogo ko babbar hanyar da ta bar gari. A gaban asibiti da makaranta da kasuwa ba ta da ita.

Abin da ake buƙata a irin waɗannan wurare ba sabon ilimi ba ne. Zanen tsallaka titi, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan jakin dawa, tun 1951 aka fara shi a garin Slough na Ingila. Amma fenti shi kaɗai a kan titi mai layi shida wasa da rai ne: ya ce wa mutum shigo, bai ce wa mota tsaya ba, kuma damina ɗaya ta wanke shi. Sai an ɗaga wurin ya zama tudu mai faɗi daidai da gefen titi, yadda direba zai rage gudu ko don tausayin ƙasan motarsa. Sai an faɗaɗa tsakiyar titi ta kai aƙalla mita 2, a yanka ta daidai da ƙasa, yadda keken gurgu ko mai baro zai tsaya ya huta ya fuskanci hannu ɗaya kawai. Sai an sa fitila a kai don dare. Kuma sai an yi shi a inda mutane suke tsallakawa da ma. Ba sai an ɗauko ƙwararre daga waje ya gano wurin ba. A duba inda aka fasa shingen tsakiya, inda ƙafa ta cinye ciyawa ta bar turba. Jama'a sun riga sun zana taswirar da ƙafafunsu.

Sai danja. Na tsaya na kalli mahaɗun da nake bi, kuma tsarin kusan ɗaya ne: hannu na ɗaya ya tafi, na biyu ya tafi, na uku, na huɗu, a koma farko. Masu kwana dama kuwa ba sa tsayawa ko kaɗan. A duk zagayen nan babu sakan ɗaya da aka ce wannan na mutum ne. Na mai ƙafa shi ne ya yi hasashen hannun da aka tsayar, ya ruga kafin a sake shi. A nan ne abin yake ba ni haushi a matsayina na mai rubuta manhaja, don na san girman gyaran. Na'urar da ke cikin akwatin danja agogo ce mai jerin umarni, ba ta kai ƙaramar wayar hannu wayo ba. A ƙara mata zango ɗaya da duk motoci za su ga ja na sakan 20 ko 25, a kafa fitilar mutum mai ja da kore a kowace kusurwa, a haɗa da ƙara don makafi. Ko a yi abin da birane da yawa a Amurka suke yi, a ba mai ƙafa kore sakan 3 zuwa 7 kafin a saki motoci masu kwana, don ya riga su shiga su gan shi.

Sakan nawa za a bayar kuma ya danganta da wanda aka ɗauka shi ne mutum. Ingila ta daɗe tana lissafi da tafiyar mita 1.2 a sakan, sai wani bincike na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na maza da kashi 85 na mata masu shekara 65 zuwa sama ba sa kai wannan saurin. Amurka ta rage nata ma'aunin a 2009 daga ƙafa 4 zuwa ƙafa 3.5 a sakan. Mahaifiyata ba ta kai ko wannan ba. In za a saita danjar gaban asibiti, da ƙafar marar lafiya za a auna.

Ina roƙon abokan sana'ata kuma su rufa mana asiri. Ba a rasa wanda zai shiga ofis da kwamfuta ya nuna hotuna masu motsi, ya ce maganin titunan Kano shi ne danja mai basira, kyamarori masu gane lamba, ɗakin sa ido mai manyan allo. Na san yadda irin wannan kwangila take ƙarewa: a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, bayan wata shida lasisin manhaja ya ƙare, wanda ya san kalmar sirri ya bar aiki. Kuma in ka ba na'ura mai basira umarnin ta rage jinkirin motoci, da basirarta za ta ƙara matse mai ƙafa. Ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro kayan, ba kowane maɓalli ne gaskiya ba. A 2004 aka bayyana cewa sama da 2,500 daga cikin maɓallan tsallaka titi 3,250 na birnin Niyok ba sa aiki, mutane suna ta dannawa shekara da shekaru. Abin da danjarmu ke buƙata shi ne farantin sola, batir mai kyau a akwatin da ɓarawo ba zai fasa ba, da ma'aikaci mai albashi da babur da tsani wanda zai zo cikin kwana ɗaya in ta mutu. Mu a wurinmu an san rubuta manhaja shi ne ƙaramin aiki, riƙe ta tana aiki shi ne babba. Sai dai ba a gayyatar maroƙa bikin canza batir, shi ya sa ba ya shiga kasafi.

Gefen titi kuwa labarinsa gajere ne, don a wurare da yawa babu shi. Inda ya kamata ƙafa ta taka, lambatu ne a buɗe, ko an rufe shi da sulab ɗaya ya karye biyu sun ɓace. Inda aka shimfiɗa intalok, kafin ka yi taku hamsin ka ci karo da turken wuta a tsakiya, ko allon talla, ko janareton mai shago, ko motar wanda ya shiga banki. Da an tashi gyara kuma mai tallan mangwaro ake fara kora, a kife masa tire. Ai ba shi ya fara cin hanyar ba. Wanda ya gina rukunin shaguna hawa uku bai bar wurin ajiye mota ko ɗaya ba, da wanda ya sa masa hannu a takarda, su suka tura kowa kan kwalta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai talla yana zama ne inda mutane suke bi, kuma zamansa yana sa wurin ya yi aminci da dare. A shata masa nasa gurbi, a bar mita 2 a sarari ga masu wucewa, a rufe lambatu, a dasa darbejiya. Duk wanda ya taka daga Kantin Kwari zuwa Kasuwar Singa da azahar ya san inuwa ba ado ba ce.

Na san amsar da ke bakin mai karatu: mutanenmu ba sa bin doka, ko an yi ba za su tsaya ba. Ban yarda ba. A ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya gaba ɗaya ta sauya tuƙi daga hannun hagu zuwa dama, direbobin da yawancinsu ba su yi boko ba suka kwana a wani hannu suka tashi a wani. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a Kano, sana'ar da ake ganin ba mai iya taɓa ta, kuma ta hanu. Ɗan sahun da ake cewa ba ya jin magana, in ya hango 'yan Karota a danja tsayawa yake cak. Mun iya tilasta doka in mun ga dama. Ba mu taɓa ganin dama a kan wanda ya ƙi tsaya wa mai ƙafa ba ne kawai. Sannan a duba unguwanni: ranar da mota ta buge yaro, kafin sati ya zagayo matasa sun haɗa kuɗi sun zuba tudun siminti a titi. Ihu bayan hari ne, kuma tudun yakan fito kamar kunyar dankali yana fasa motoci, amma shaida ce cewa jama'a sun san maganin, hukuma suke jira ta yi shi da tsari kafin a yi jana'iza.

Za a ce cunkoso zai ƙaru. Zai ɗan ƙaru a wasu wurare, ba zan ɓoye ba. Ni mai mota zan yi asarar sakan 25 a danja, ina zaune a inuwa da rediyo. Na yarda. Za a ce babu kuɗi. Jihar da ke gina gada mai hawa uku ba za ta ce ba ta da kuɗin siminti da fenti da batir ba. Birnin Nairobi tun 2015 ya rubuta a manufarsa cewa aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gina hanyoyi zai tafi ga masu ƙafa da masu keke da sufurin jama'a. Ko rabin haka aka rubuta a dokar kasafin Kano, aka hana sa hannu a kan kowace kwangilar titi sai an ga wurin tsallakawa a cikin zanenta, da an ga bambanci kafin zaɓe mai zuwa. Oslo da Helsinki sun kammala shekarar 2019 ba tare da mota ta kashe mai tafiya a ƙasa ko ɗaya ba. In an ce waɗannan masu arziki ne, ga Fortaleza a arewa maso gabashin Barazil, gari mai zafi, mai talakawa, mai babura, wanda ya rage mace-macen titi da fiye da rabi cikin kimanin shekara goma, da rage gudu da ɗaga wuraren tsallakawa da sake fasalin mahaɗu.

Akwai kuma maganar da ake rufe kowace muhawara da ita a wurin zaman makoki: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, kuma ba zan je gidan mutuwa da lissafin mita da sakan ba. Amma ta'aziyya ta mai rashi ce, ba ta injiniya da kwamishina ba. Malaman da suka karantar da mu ƙaddara su ne suka karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin imani. In ƙaya da dutse sun shiga wannan, ban ga yadda titi mai layi shida a ƙofar makarantar firamare zai fita ba. Babu wanda ke barin rijiya a buɗe a tsakar gidansa ya ce yaron da zai faɗa ranarsa ce ta zo.

Buƙatata ga duk wanda ke da sa hannu a kan titunan birnin nan ƙarama ce. Kafin a buɗe wani sabon aiki, ya ajiye jiniya da 'yan rakiya, ya riƙo hannun mahaifiyarsa ko ƙaramar 'yarsa, su tsallaka shi da ƙafa da ƙarfe biyu na rana, lokacin tashin makaranta, su sake tsallakowa bayan magariba. In ya iya, a yanka ƙyalle. Masu zuwa neman ƙuri'a kuma, in sun fara lissafa mana gadoji, a tambaye su sakan nawa danjar ƙofar asibiti take ba tsohuwa.

Motata ta fito daga wurin bakanike. Talatar nan da ta wuce na sauke Umma a bakin ƙofa kamar yadda na saba, na zagaya neman wurin ajiyewa. Yaron yana nan a tsakiyar titi da robarsa a ka, ya ɗaga hannu, wata mata mai goyo tana biye da shi. Wata mai zuwa aiki zai kai ni Abuja, ranar asibitin kuma ba ta ɗaguwa.